Yadda ƙungiya za ta nemi tallafin koya wa waɗanda suka fito daga gidan kaso sana'a a arewacin Kamaru

An shirya wannan jagora domin ƙungiyoyin unguwa, kwamitocin masallatai da majami'u, da ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na Garwa, Marwa, Ngaundere da garuruwan da ke kewaye da su, waɗanda suke ganin yadda mutum ke fitowa daga gidan kaso da kayan jikinsa kawai, kuma suke son nemo kuɗin da za a koya masa abin yi. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne cewa masu ba da tallafi sun saba karɓar takardun da ke bayyana wahalar fursunoni, amma takardar da ke tsayar da idonsu ita ce wadda ta nuna inda mutumin zai zauna ya yi aiki bayan an yaye shi, da wanda zai tsaya masa, da abin da zai ci kafin sana'ar ta fara kawo kuɗi. A kan wannan ne aka gina duk matakan da ke biye.

Mataki na farko: ku gyara matsayinku a gaban doka

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sanarwar tallafi takan ba da 'yan makonni ne kawai, saboda haka ana shirya takardun ƙungiya tun kafin a ji labarin kowace sanarwa. Dokar da ke kula da ƙungiyoyi a Kamaru ita ce mai lamba 90/053 ta ranar 19 ga Disamba 1990. A ƙarƙashinta ana kai sanarwar kafa ƙungiya ofishin firefe, wato babban jami'in mulki, na yankin da hedikwatar ƙungiyar take, tare da tsarin mulkin ƙungiyar da sunayen shugabanninta, a karɓi takardar shaida. Idan wata biyu suka wuce firefe bai ce komai ba, doka ta ɗauka cewa ƙungiyar ta samu amincewa, sai dai babu banki ko ofishin jakadanci da zai karɓi shirun firefe a matsayin hujja, don haka a bi takardar har ta zo hannu.

Akwai wani sashe na wannan doka da mutane da yawa ba su karanta ba. Sashe na 11, kamar yadda aka rubuta shi a 1990, ya hana ƙungiyar da ta tsaya a matakin sanarwa karɓar tallafin hukumomin gwamnati ko kyauta da wasiyya daga mutane, in ban da ƙungiyar da aka amince cewa tana aiki domin amfanin jama'a. Ƙofar da aka buɗe daga baya ita ce doka mai lamba 99/014 ta 22 ga Disamba 1999, wadda ta tsara ƙungiyoyin da ake kira ONG: ƙungiyar da ta yi shekara uku tana aiki a zahiri tana iya neman wannan matsayi daga ma'aikatar cikin gida, ana ba da shi na shekara biyar, ana kuma sabuntawa, kuma shi ne ke halatta karɓar irin waɗannan kuɗaɗe. An yi wa dokokin gyare-gyare tun daga lokacin, don haka ku sa lauya ya duba muku matsayinku kafin ku sa hannu a kowace yarjejeniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a watan Disamba 2024 ma'aikatar cikin gida ta dakatar da wasu ƙungiyoyi tana mai kafa hujja, a cikin wasu dalilai, da kuɗin da suke karɓa daga waje.

Ƙungiyar da ba ta kai shekara uku ba tana da mafita: ta shiga a matsayin abokiyar aiki a ƙarƙashin wata babba mai cikakkun takardu, wadda za ta riƙe kuɗin ta kuma amsa tambayoyin mai ba da tallafi. A rubuta rabon aiki da rabon kuɗi tun kafin a tura takarda, kowa ya riƙe kwafinsa. Bayan haka akwai lambar haraji ta NIU, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda ba a cire kuɗi daga cikinsa sai da sa hannun mutum biyu, da rahoton ayyuka da na kuɗi na shekarar da ta gabata, ko da abin da aka kashe ɗan kaɗan ne daga aljihun mambobi. Kada a yarda kuɗin tallafi ya shiga asusun shugaba ko lambar wayarsa, komai amanarsa.

Mataki na biyu: ku shiga ta ƙofar hukumar gidajen kaso

Tun 2004 gidajen kaso na Kamaru suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma dokar da ta tsara tafiyar da su ita ce mai lamba 92/052 ta 27 ga Maris 1992. Akwai manyan gidajen kaso a Garwa, Marwa da Ngaundere, akwai kuma wasu a garuruwa irin su Gidar, Mokolo, Mora, Kuseri da Yagwa. Kowane gida yana da shugabansa, wanda takardun hukuma ke kira régisseur, a samansa kuma akwai wakilin hukumar gidajen kaso na jiha. Ku rubuta wa waɗannan biyu wasiƙa ta neman ganawa, ku bayyana abin da kuke shirin yi, ku nemi wasiƙar goyon baya mai hatimi. Wannan wasiƙa tana da nauyi a idon mai ba da tallafi, amma amfaninta na gaske shi ne cewa shugaban gidan ne ya san waɗanda wa'adinsu ya kusa ƙarewa, kuma zaɓen da aka yi wata biyu ko uku kafin mutum ya fito ya fi neman sa bayan ya ɓace cikin gari.

A nan ne za ku tsayar da ko su wane ne za ku ɗauka. Fiye da rabin mutanen da ke tsare a gidajen kaso na ƙasar nan masu jiran shari'a ne, kuma ba a san ranar fitarsu ba, saboda haka shirin da ke da jadawalin watanni zai fi tsayuwa idan ya dogara ga waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci da waɗanda suka fito a shekarar da ta wuce. Mata da yara 'yan ƙasa da shekara 18 suna da buƙatu na daban, kuma aikin yara yana buƙatar hannun ma'aikatar jin daɗin jama'a. A Jihar Arewa Mai Nisa kuma dole a bambanta tsohon fursuna da tsohon ɗan Boko Haram da ya miƙa wuya, domin na biyun yana ƙarƙashin kwamitin CNDDR na karɓe makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin al'umma, wanda aka kafa ranar 30 ga Nuwamba 2018, mai tsarinsa da kuɗinsa na daban. Takardar da ta cakuɗa su biyun tana jawo tambayoyin tsaro da ƙaramar ƙungiya ba za ta iya amsawa ba.

Mataki na uku: ku tambayi kasuwa kafin ku zaɓi sana'a

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane cin lokaci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Abin da aka saba yi shi ne a zauna a ofis a rubuta ɗinki, kafinta da haɗa sabulu, saboda su ne kowa ke rubutawa, sannan a yaye tela ashirin a unguwar da telolinta ke zaman jiran salla. Hanyar da ta fi ita ce mambobi biyu ko uku su ɗauki littafi su bi shagunan walda, garejin babura, wuraren gyaran waya, masu haɗa sola, magina da dukawa, suna yin tambayoyi iri ɗaya a ko'ina: wata nawa yaro ke yi kafin ya iya aiki shi kaɗai, nawa yake samu a rana a lokacin da kasuwa ta yi kyau da lokacin da ta faɗi, waɗanne kayan aiki ne ba ya iya farawa ba tare da su ba, kuma mai shagon zai karɓi mutumin da ya san ya taɓa zaman kaso ko ba zai karɓa ba. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce jarin shirinku. Ku rubuta sunayen waɗanda suka ce za su karɓa, da yawan mutanen da kowannensu zai iya ɗauka, ku nemi su sa hannu a kan takardar alkawari.

Kowane gari yana da abin da yake ci. Marwa ta yi suna a aikin fata da saƙa, kuma kewayenta ana noman albasa a rani. Garwa tana da kogin Binuwai da tafkin Lagdo, ga harkar auduga, ga baburan haya da ba sa rabuwa da gyara. Ngaundere ƙarshen layin dogo ce, manyan motoci suna ɗaukar kaya daga can zuwa arewa da Chadi, ga kuma kiwon shanu na Adamawa, abin da ke sa gyaran mota, faci, walda da kiwon turke suke da kasuwa. Mutumin da zai koma ƙauye bayan an sake shi kuma ba shi da amfani da injin walda a inda babu wuta. Lambu, kiwon tumaki ko gyaran famfon burtsatse sun fi dacewa da shi.

A ganina, ƙaramar ƙungiya ta guji neman kuɗin gina cibiya a karo na farko. Gini yana cinye tallafin gaba ɗaya, kuma ranar da tallafin ya ƙare babu mai biyan malamai da kuɗin wuta. Sanya mutum ɗaya ko biyu a hannun ubangidan sana'a da ke da shagonsa da abokan cinikinsa ya fi araha, yana kuma haɗa mai koyo da mutanen da za su ba shi aiki gobe. Raunin wannan tsari shi ne wasu iyayen gida suna mai da mai koyo ɗan aike, wasu kuma suna ɗora masa duk abin da ya ɓace a shago. Maganin haka yarjejeniya ce a rubuce tsakanin ƙungiya, ubangida da mai koyo, wadda ta lissafa abin da za a koya kowane wata, ta kuma faɗi wanda za a kira idan an samu saɓani kafin a kai maganar wurin 'yan sanda. Mai unguwa, lawan ko jauro, ko limamin unguwa, yana iya zama shaida. Domin takardar shaidar ƙwarewa kuma, ku tuntuɓi ofishin jiha na ma'aikatar ayyukan yi da koyar da sana'o'i, wato MINEFOP, wadda doka mai lamba 2018/010 ta 11 ga Yuli 2018 ta tsara aikinta a wannan fanni, ku ji ta wace cibiya da ta amince da ita ɗalibanku za su iya zana jarrabawa.

Mataki na huɗu: ku san wanda kuke roƙo

Masu ba da tallafi ba halinsu ɗaya ba. Ofishin jakadancin Japan yana da shirin ƙananan ayyukan al'umma wanda ya fi karkata ga gini da kayan aiki, ba ya kuma biyan albashi da kuɗin tafiyar da ofis. Kanada tana da asusun tallafa wa shirye-shiryen cikin gida wanda ke fitar da sanarwa da jigogin da ya zaɓa, haka ma ofisoshin jakadancin Faransa da Jamus a Yawunde suna da tallafin ƙananan ayyuka. Tarayyar Turai ta taɓa ɗaukar nauyin shirin PACDET na inganta yanayin tsarewa a Kamaru, kuma kuɗinta yana da yawa, amma sharuɗɗanta sun fi ƙarfin sabuwar ƙungiya. Abin da ya fi sauƙi shi ne neman ƙaramin kaso daga babbar ƙungiyar da ta riga ta ci tallafinta. Hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, an rufe ta a 2025, wanda ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma cunkoso a sauran ƙofofin. Sharuɗɗa suna canzawa shekara-shekara, don haka abin dogaro shi ne sanarwar wannan shekarar da ke shafin intanet na ofishin kansa. Duk wanda ya nemi ku biya shi kuɗi domin ya sa sunanku a jerin masu cin tallafi, ɗan damfara ne.

Kada a manta da na gida. Asusun samar da ayyukan yi na ƙasa, FNE, wanda aka kafa a 1990, yana yi wa masu neman aiki rajista, yana kuma tallafa wa horo da kafa ƙananan sana'o'i. Ma'aikatar matasa tana da shirin PAJER-U na tallafa wa matasan karkara da birane, da cibiyoyin matasa a garuruwa da dama. Ofishin magajin gari yana iya ba da rumfa a kasuwa ko ɗakin taro, attajiran gari suna iya sayen kayan aiki daga sadakarsu, malamai kuma su ba da fatawa kan wanda ya cancanci zakka a cikin masu koyon. Ƙungiyoyin Caritas na majami'un Katolika sun daɗe suna shiga gidajen kaso, kuma shawararsu tana da amfani ko ga ƙungiyar Musulmi zalla. Duk abin da aka samu a gida, a ƙiyasta shi da kuɗi a rubuta, domin yawancin masu ba da tallafi suna son ganin gudummawar masu nema.

Mataki na biyar: rubuta takardar

Za a rubuta ta da Faransanci ko Ingilishi, a kan fom ɗin da aka bayar, ba tare da ƙetare yawan shafukan da aka ƙayyade ba. Idan kun ɗauki wani ya rubuta muku, ku zauna tare da shi, domin idan aka kira ku ganawa ku ne za ku amsa tambaya. Wajen bayyana matsala, ku kawo abin da kuka ƙirga da kanku da abin da hukumar gidan kaso ta ba ku a rubuce, ku faɗi ranar da aka samo shi. Adadi ɗaya da aka ƙago ya isa ya rushe amincin takardar duka. Kuna iya jingina da Ƙa'idojin Nelson Mandela na kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamba 2015. Ƙa'ida ta 4 ta ambaci ilimi, koyon sana'a da aiki a matsayin hanyar hana komawa laifi, ta 108 kuma ta yi magana a kan ba wanda aka saki takardun shaida, wurin zama, aiki, sutura da abin da zai riƙe kansa a kwanakin farko.

Burin shiri ya zama abin da ake iya ƙirgawa. Maimakon a ce za a dawo da martabar tsofaffin fursunoni, a ce, a misali, mutum 20 za su yi wata tara suna koyo a shaguna goma, ana sa ran 15 za su kammala, kuma za a duba yawan waɗanda ke samun kuɗi da sana'ar wata shida bayan yaye. Ku rubuta a fili cewa wasu za su gudu, wani ma zai iya komawa kaso, ku faɗi abin da za ku yi da gurbinsa da kayansa. Mai karanta takardar ya san haka na faruwa, kuma alkawarin cewa kowa zai yi nasara yana nuna masa cewa ba ku taɓa yin aikin ba. A jadawali kuma a lura da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da 'yan ƙauye ke komawa gona, da watan azumi da zafin Maris da Afrilu, lokacin da aikin ƙarfi ke raguwa.

Mataki na shida: kasafin kuɗi

Kowane layi na kasafi ya dace da wani aiki da aka ambata a takardar, kuma farashin kaya ya fito daga takardun farashi na 'yan kasuwa biyu ko uku na garinku. Idan an nemi lissafi da Yuro babu wahala, domin canjin a tsaye yake: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato Yuro 10,000 ya kama sefa 6,559,570. Dala kuwa tana hawa tana sauka, sai a rubuta canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa. A tallafin Tarayyar Turai kuɗin tafiyar da ofis ba ya wuce kashi 7 cikin 100 na kuɗin aikin kai tsaye, wasu masu ba da tallafin kuma ba sa biyansa sam.

Layukan da aka fi mantawa da su su ne waɗanda shirin ke mutuwa saboda rashinsu. Na farko takardu: da yawa daga cikin waɗanda ake saki ba su da katin ɗan ƙasa, wasu ko takardar haihuwa ba su da ita, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ke maye gurbinta, kuma ba tare da kati ba mutum ba ya iya yi wa layin waya rajista, balle ya karɓi kuɗi ta Orange Money ko MTN Mobile Money, ga tsoron shingen bincike a hanya. Na biyu abinci da kuɗin babur na kullum, domin mai yunwa ba ya wata tara a shago. A biya shi mako-mako bisa rajistar zuwa aiki. Na uku ladan ubangida da kuɗin kayan da mai koyo zai lalata, ƙarfe ne ko yadi ko fata. Na huɗu kayan kariya da ɗan kuɗin magani, saboda wasu suna fitowa da tarin fuka ko ciwon fata. Na biyar albashin mutum ɗaya mai bin sawu, wanda zai riƙa zagaya shaguna da gidaje har wata shida bayan yaye, ya sasanta mutum da danginsa idan sun ƙi karɓarsa. Idan kuɗin bai isa ba, gara a rage yawan masu koyo da a goge ɗaya daga cikin waɗannan layuka.

Mataki na bakwai: bayan an tura, da bayan an samu

A tura takarda kwana biyu ko uku kafin wa'adi, saboda wuta da intanet ba su da tabbas, a kuma ajiye shaidar turawa. Idan an ƙi, a rubuta wasiƙar godiya a nemi dalili, a gyara a kai wata ƙofar. Idan an amince, a karanta yarjejeniyar a taron kwamiti, a fassara ta da Hausa ko Fulatanci domin kowa ya ji abin da aka hana, musamman sauya kuɗi daga wani layi zuwa wani ba tare da izini a rubuce ba. Kowane sefa da ya fita ya kasance da rasit, inda babu rasit kuma a yi takardar karɓa da sa hannu ko dangwale.

Sirrin masu koyo amana ce. Kada a sa sunayensu, hotunansu ko laifin da aka ɗaure su a kansa a Facebook ko a allon shiri. A rahoto a yi amfani da lambobi, hoto kuma sai da yardar mutum a rubuce. Ko bikin yaye ma ya fi kyau a kira shi yaye ɗaliban sana'a kawai.

Kayan aikin da za a ba wanda aka yaye, keken ɗinki ne ko akwatin sifanu, kada a miƙa su gaba ɗaya a ranar biki, domin mai bashi da mai haya suna jiran wannan ranar. A rubuta su da sunan ƙungiya a matsayin aro na wata shida, ubangida ko wani dattijo na dangi ya tsaya lamuni, mai bin sawu ya riƙa ganinsu a kowace ziyara, sannan a mallaka wa mutum su da takarda idan wa'adin ya cika yana kan aikinsa. A tabbatar wannan tsari yana cikin takardar neman tallafi tun farko, domin wasu masu ba da kuɗi suna da nasu sharaɗin kan wanda zai mallaki kaya idan shiri ya ƙare.